Kububuwa Mai Cara

Da sunan Allah mai ba da lafiya, mai ɗan janye ta in ya so bawa ya san darajarta. Yau da safe na ƙidaya ƙafafuna, na tarar biyu ne. Na sake ƙidayawa daga hagu zuwa dama, har yanzu biyu. Wanda bai san abin da ya same ni ba zai ce Mamman ya fara taɓuwa. Wanda ya sani zai ce alhamdu lillahi. Na rubuta wannan ne don wanda ya sani ya taya ni godiya, wanda bai sani ba kuma ya ji tsoron Allah, ya ji tsoron zakara, ya ji tsoron bakinsa.

Mamman ne sunana a katin zaɓe, amma a ƙauyenmu, nan kusa da Gidan Sori, Mai Gishiri ake ce mini. Ba sayar da shi nake ba, a labari nake zuba shi. In na ga ɓera, kafin in kai majalisa ya zama gafiya, kafin shayi na uku ya zama kura. Mutanen gari sun saba. Duk abin da na faɗa sai su zubar da kashi biyu cikin uku, su riƙe sauran, a zauna lafiya. Shekara talatin muna haka ba wanda ya cutu.

Kafin abin ya faru ina da kaji. In ni ka tambaya, ɗari da hamsin ne. In ka tambayi matata Rabi, talatin da huɗu ne, kuma ita ke ba su dusa. Garke ne na taron dangi, kowane iri da halinsa. Akwai durgu masu gajerun ƙafafu, waɗanda ko suna tafiya sai ka ce a zaune suke; su ne gwanayen kwanci, ko dutse ka sa musu sai sun yi ƙoƙarin ƙyanƙyashe shi. Akwai masu murɗaɗɗen gashi kamar yanzu guguwa ta sake su. Akwai maja shida da na saya wajen masu shigo da su daga Najeriya, ga ci, ga girma, ga wauta: shaho zai sauko su tsaya suna kallonsa kamar baƙon da ya zo gaisuwa. Akwai zabi bakwai da wata durgu ta raina, har yau ba su yafe mata ba. Sai agwagi biyu da ba su kula kowa. Shugabansu duka wani tsohon zakara ne da muke kira Ladan, don ya fi ladanin masallacinmu kiyaye lokaci.

Rabi na da doka guda game da kaji, ta gaje ta wajen uwarta. Duk baƙuwar kaza da ta shigo gida sai an kife ta da kwando a gefe, kwana goma. Na farko a ga ko ta zo da ciwo daga kasuwa, na biyu 'yan gida su saba da ita ta ramukan kwandon kafin a haɗa su. Ban taɓa karya dokar nan ba sai sau ɗaya.

Bayan kaka ne, an cika rumbu, na tafi kasuwar Cadakori sayen igiya. Na dawo ba igiya, sai zakara. Irin dogayen nan ne da ake kira kolonto, ja wur, wuya kamar na raƙumi, ga ƙaimi a ƙafa kamar ƙayar aduwa. Tun a hanya na raɗa masa suna Jandarma, saboda yadda yake duban mutane kamar zai tambaye su takardu.

Rabi ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Malam, a kife shi.”

Na ce, “Wanga? Ke kin taɓa ganin an kulle hukuma?”

Ta ce, “Kwana goma dai, kamar kowa.”

Washegari da ta tafi rijiya, na ɗaga kwandon. So nake in ga yadda zai taka a tsakar gida. Ya taka kuwa, taku uku, na huɗu a kan Ladan ya sauke shi. Kaji suka watse, zabi suka hau katanga suna ihu kamar an yi gobara. Kafin in ce wani abu toron Ladan ya jiƙe da jini. Tsohon nan shekara huɗu yana tashe ni sallah, ba zan tsaya a kashe shi a gabana ba. Da na ɗauki kwandon na kife baƙon, da shi ke nan. Sai na cusa ƙafata ta dama tsakaninsu, da takalmin soso. Jandarma ya yi tsalle ya buga mini ƙaimi a saman idon sawu.

Ramin ƙarami ne, ƙwayar wake ba za ta shiga ba. Rabi tana bakin ƙofa da bokiti a ka, ta ga komai. Ta ce in zo ta wanke mini da sabulu. Na ce namiji ba ya wanke abin da zakara ya yi masa. Na shafa toka, na shiga akurki na ci gaba da kwasar kashin kaji don taki. Ita kuwa ta kama Ladan ta wanke masa toro da ruwan gishiri. Ku riƙe wannan: cikin mako guda Ladan ya warke.

Da la'asar ƙafar ta kumbura tana zogi. Na ɗingisa zuwa majalisa, ƙarƙashin bishiyar bedi, wurin mai shayi. Illo na nan, ɗan kawuna, taubashina, mutumin da Allah ya halitta musamman don ya hana ni sakat.

“Mai Gishiri, mi ya samu ƙafar? Ko jakin wani ya gane ka?”

Na yi lissafi da sauri. In na ce zakara, Illo zai riƙa yi mini cara har kabari. Zai yi a bikin 'ya'yana, zai koya wa jikokinsa. Sai na gyara zama na ce, “Maciji.”

“Wane iri?”

“Kububuwa. Bayan rumbu. Kaurinta kamar taɓarya.”

Na jira su zubar da kashi biyu cikin uku kamar kullum, a tashi da ƙadangare ko ƙaya, a yi dariya a watse. Amma Illo ya ɗaga ƙafar wandona, ya ga kumburi, kofin shayi ya suɓuce masa. Ya yi salati da ƙarfi. Jama'a, shekara talatin ina labari ba wanda ya yarda da ni. Ranar da nake bukatar a ƙaryata ni, ranar aka gaskata.

Ba a bar ni na taka ƙasa ba. A kan tabarma aka kwashe ni zuwa gida, mutum shida, ana ta “sannu, riƙe kalmar shahada”. Aka ɗaure mini ƙasan gwiwa da igiya, abin da na je saye Cadakori ban samu ba. Aka kira Nomau, tsohon da ke maganin maciji a yankinmu. Ba zan zage shi ba. Abin da aka gaya masa shi ya yi wa magani. Ya fid da aska ya yi tsaga bakwai kewaye da ramin, ya kafa ƙaho ya ja jini, ya kwaɓa wani baƙin gari da man shanu ya cika wurin, ya naɗe da tsumma. Ya ce kada ruwa ya taɓa har kwana bakwai. Ya ba ni wani jiƙo da na sha na amayar da tuwon sallar bara. Aka biya shi da baƙar kaza. Ita ce ta farko da ta bar gidan saboda ni.

Samari kuwa suka ƙone ciyawar bayan rumbu suna neman kububuwa. Sun kashe ƙadangaru biyu da bushiya guda da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Duk wannan Rabi na bakin madafa tana kallo kawai, don ba za ta ƙaryata mijinta gaban maza ba. Sai da kowa ya tafi ta shigo ta tsaya a kaina.

“Malam, macijinka na can kan turmi yana cara. In ba shi dusa?”

Na ce, “Rabi, ki rufa mini asiri. Kwana biyu ya warke.”

Ta ce, “Asirinka a rufe yake. Ƙafar ce a buɗe.”

Makon farko na masu dubiya ne. Wanda kububuwa ta sara ya kwana da rai abin kallo ne, sai aka yi ta zuwa. Kun san al'adarmu: baƙon da ya taso daga nesa ba a tarbarsa da miyar kuka tsura, sai an yanka masa kaza. Duk wanda ya ce “Allah ya ba da lafiya” daga wani gari, sai wata kaza ta rasa tata. Ina kwance ina jin kukansu ta taga, ina gane kowace da muryarta. Ni kuma, Allah ya yafe mini, duk baƙon da ya zauna sai in ƙara wa macijin taki guda. Kafin Juma'a ya kai tsawon amalanke.

Yayata Hajo ta zo daga Agiye ta yi kwana huɗu, da galan na zuma. Ta ce dafin maciji ɗaci ne, zaƙi ke kashe shi. Safe zuma, rana fura da sukari har cokali ya tsaya, yamma dabino da lemo na kwalba. Ban yi gardama ba, wannan magani ya dace da ni.

A nan zan faɗi abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Tun watanni kafin zakaran nan nake shan ruwa kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma. Fitsari kuwa, hanyar bayan gida ta san ni fiye da hanyar masallaci, kuma inda na yi sai tururuwa su taru. Na rame kaɗan. Duk na mayar da su abin dariya a majalisa, har ina cewa ko fitsarina yana da masoya. Ban san cewa ciwo ne ke sallama ba.

Ƙafar da fari zogi take kamar maƙeri na aiki a ciki. Wajen kwana na biyar yatsun suka yi dum, ba na jin su sosai. Na ce wa Rabi, “Kin gani? Sauƙi ya fara.”

Ranar bakwai Nomau ya kwance tsumman. Warin da ya fito sai da agwagi suka bar tsakar gida. Ya ce dafi ne ke fita, ya sake cikawa, ya ƙara kwana bakwai. Daga nan abin ya daina zama labari. Zazzaɓi ya kama ni, da tsakar rana ina rawar ɗari cikin bargo biyu. Kaluluwa ta fito mini a matsematsi. Gefen raunin ya yi baƙi, wani ja kuma ya fara hawa ƙaurina kamar ruwa na cin bango. Masu dubiya suka koma gaishe ni daga bakin ƙofa. Na daina ƙara wa macijin tsawo. Amma in ce zakara ne? Bayan mutum shida sun ɗauke ni, bayan Hajo ta taso daga Agiye, bayan kaji goma sha ɗaya sun mutu shahada? Ƙaryar ta yi tsada, na kasa zubar da ita.

Ranar kwana goma sha biyu Rabi ta shigo da mayafinta a ka, Jandarma a hammata.

“Malam, zaɓi ɗaya. Ko ka hau amalanke mu tafi likita yanzu, ko in kai wanga majalisa in aje shi gaban Illo in faɗi sunansa.”

“Rabi, ke fa matar rufin asiri ce.”

“Kwana goma sha biyu na rufa. Ba ni zama in ga an binne ka da ƙarya a baki. Na saida agwagin, Illo na waje da jaki.”

Na hau amalanke.

Majo, wato babban mai jinya na ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, Bazabarme ne. Kun san wasan taubasantaka da ke tsakaninmu Gobirawa da su. Yana ganin tsagen fuskata ya ɗaga murya, “Bagobiri! Wa ya ba bawana izinin rashin lafiya?”

Da sauran ƙarfina na ce, “In ka iya allura ka yi, in ba ka iya ba kira ubangidanka.”

Ya kwance tsumman. Ya ce Illo ya jira a waje. Ya wanke baƙin garin a hankali, yana ƙirga.

“Bakwai na aska ne. Rami ɗaya ne. Macizan Gobir haƙori guda gare su?”

Na ce, “Tsohuwa ce. Ɗayan ya faɗi.”

Ya ajiye almakashi. “Ka saurare ni, yanzu ba wasa nake ba. Takarda zan rubuta ka kai gaba. In na rubuta maciji, can za su ɓata yini suna neman abin da babu. Ƙafar nan ba ta da yinin da za ta ba ka aro. Me ya same ka?”

Na dubi Rabi. Rabi ta dubi ƙasa.

Na ce, “Zakara.”

“Ban ji ba.”

“Zakara ne, Bazabarmen banza!”

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya share hawaye ya sake farawa. Yana cikin dariyar ya soki ɗan yatsana ya ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ya duba, dariyar ta tsaya cak. Ya tambaye ni ƙishirwa, ya tambaye ni fitsari, ya tambayi abin da nake ci. Da Rabi ta ambaci zumar Hajo, ya riƙe kansa da hannu biyu. Ya ce ciwon sukari gare ni, kuma ya daɗe. Ya ce ƙaimin zakara kullum cikin kashin kaji yake. An tura datti cikin nama, an tsaga, an toshe da man shanu, ga jini mai zaƙi da ba ya barin rauni ya warke. Ya yi mini allurar da ke hana ciwon sarƙewar haƙora, ya ba mu takarda, ya ce Maradi, yau, ba gobe ba.

Na kama hannunsa na ce kada Illo ya ji. Ya ce, “Sirrin mara lafiya ne, ba zan faɗa ba. Amma ni da kai, har abada.”

A babban asibitin da muka je, layi muka tarar wanda in aka miƙe shi zai kai Tibiri. To, in rage gishiri: ya kai bakin ƙofa ya lanƙwasa. Takardar majo ce ta cece mu, da kuma warin ƙafar, wanda ya buɗe mana hanya fiye da kowane ɗan sanda. Likitar da ta gan ni mace ce, 'yar siririya mai tabarau. Na gwada mata barkwanci biyu, ba wanda ya kama. Ta latsa nan, ta latsa can, ta tambayi ko ina ji. Sannan ta zaro bik, wato biro, daga aljihu ta ja layi a ƙaurina, sama da inda jan ya kai.

Ta ce, “Za mu cire abin da ya mutu, mu sa maka magani ta jijiya, mu sauke sukarin. In jan nan ya haura layin nan kafin jibi, ba da ni za ka yi magana ba, da mai yanka za ka yi.”

Maganar nan har yau ina jin ta kalma kalma.

Yadda aka wanke raunin ba zan bayyana ba. Ni da na saba ƙarawa, a nan ko na faɗi rabi za ku ce na ƙara. Sun cire naman da ya kai girman waina. Wannan Rabi ta gani, ku tambaye ta.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani tela daga Gazawa, sa'ana. Shi ƙusa ce ta huda takalminsa, shi ma sukari, shi ma ya jira. Zanen da aka lulluɓe shi da shi ya kwanta shafe daga gwiwar dama zuwa ƙasa. Na yi niyyar ba shi dariya, don ban san wata gaisuwa ba. Ya saurare ni da haƙuri, sannan ya ce, “Ni abin da nake tunani, da wace ƙafa zan taka keken ɗinki?” Rana ta farko ke nan a rayuwata da bakina ya mutu.

Kwana biyu ba abin da nake kallo sai layin bik. Rabi ke aunawa da yatsunta. Da aka ja shi, yatsa uku ne tsakaninsa da jan. Washegari da safe biyu. Da la'asar ɗaya da rabi. Na roƙi Allah abin da ban taɓa roƙa ba, na yi alkawura da yawa, wasu ma na cika. Da safiyar jibin Rabi ta aza yatsunta, ta cire, ta sake azawa. Ɗaya da rabi. Likitar ta zo da tawagarta, ta duba ta daɗe, ta latsa, ta ce, “Ya tsaya.” Ta wuce gado na gaba. Rabi, wadda tun ranar zakara ban ga hawayenta ba, ta ɗauki buta ta fita, ta daɗe ba ta dawo ba. Butar kuwa cike take tun da fari.

Sai da muka ƙara mako huɗu. Kullum safe pansama, wato wanki da sabon ɗauri, kullum allurar sukari. Ina da ƙorafi, ba zan ɓoye ba. Ordinas, wato takardar sayen magani, ba ta ƙarewa: ka sayo wannan a farmasi, kafin ka zauna an rubuta wani. Rabi a tabarma take kwana ƙarƙashin bishiya tare da sauran masu jinya, sauro ya ci ta ya ƙoshi. An raba ni da fura mai sukari, an haɗa ni da zogale da wake da dafaffen ƙwai, an auna mini tuwo kamar na ɗan yaye. Amma wata mai jinya da ke yi mini pansama, hannunta kamar auduga, ko sau ɗaya ba ta yamutsa fuska ba. Allah ya saka mata, ya saka wa mai bik.

Kajin ne suka ɗauki nauyin jinyar. Illo ke kamo su daga gida, ya ɗaure a bayan babur ya sayar, ya kawo mana kuɗin. Har na koma sanin magungunan da sunan kaji. In aka rataya ƙarin ruwa sai in ce, “Wannan maja ce, babbar.” In aka kawo ƙwayoyi in ce, “Allah sarki, zabuwa mai ɗingishi.” Illo ya yi ta zirga-zirgar nan fiye da mako huɗu bai gaji ba, kuma duk tsawon lokacin bai tsokane ni ko sau ɗaya ba. Wannan ya fi pansama ciwo. Na ce ya fara sayar da Jandarma, Rabi ta hana. Ta ce shaida ba a sayar da shi.

Na dawo gida da sanda, da rami a ƙauri, da ƙafa biyu. Kaji tara suka tarbe ni: durgu huɗu, masu murɗaɗɗen gashi biyu, zabuwa guda da ba wanda ya iya kamawa, Ladan, da Jandarma a ƙarƙashin kwando. Na yi niyyar in bar maganar ta mutu haka nan. Sai Illo ya zo gaishe ni yake ba ni labari cewa sunan Nomau ya kai har Cadakori. Ana cewa maganinsa ya riƙe dafin kububuwa kwana goma sha biyu, likita ƙarasawa kawai ta yi. Har wani daga rugar da ke gabas da mu ya ce in maciji ya sari nasa, ba zai wahalar da kansa zuwa likita ba.

Na kwana biyu ina juya maganar. Kububuwa ta gaske ba ta ba mutum kwana goma sha biyu. Ƙaryata ta ci kaji ashirin da shida, ta kusa cin ƙafa, yanzu tana neman ran wani da ban ma sani ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da majalisa ta fi cika, na taka da ƙafata har ƙarƙashin bedi, sanda a dama, Jandarma a hagu. Nomau ma yana nan. Na ajiye zakaran a tsakiya na ce, “Jama'a, ga kububuwar.”

Na faɗi komai, tun daga kwando har layin bik, ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Sai Illo ya girgiza kai ya ce, “Kai, Mai Gishiri! Ka warke ke nan. Zakara? Wanga ƙarya ta fi duk waɗanda munka saba ji.”

Majalisa ta fashe da dariya. Ba wanda ya yarda. Na rantse, suka ƙara dariya. Sai da na ɗaga wando, na kama ƙafar Jandarma na aza ƙaiminsa kusa da tabon, na ce a aika a tambayi Rabi. Aka aika. Amsar da ta dawo gajera ce: “Zakara ne, ina tsaye.” Maganar Rabi ba a zubar mata da ko kashi ɗaya.

Nomau ya dube ni ya ce, “Ka ɓata mini magani, ka ɓata mini suna. Kazarka kuwa ta daɗe da zama miya.” Na ba shi haƙuri gaban kowa, don haƙƙinsa ne. Illo ya ajiye kofin shayi. Ya miƙe, ya gyara riga, ya buga hannuwansa a cinya sau uku, ya miƙa wuya, ya yi cara. Har yau da ita yake gaishe ni, kuma na lura jikansa ya fara koyo. Ina amsawa. Cara ba ta yanke ƙafa.

To, ga abin da na samo, mai so ya ɗauka. Baƙuwar kaza a kife ta, ko da sunanta Jandarma. In zakaru na faɗa a raba su da kwando, ƙafa ba sanda ba ce. Rauni komai ƙanƙantarsa a wanke shi da sabulu, in ya kumbura a kai shi inda ake duba shi. Wanda ke yawan ƙishirwa da fitsari ya je a soki yatsansa tun yana dariya. Kuma in za ka yi ƙarya, yi wa majalisa a kan kura da gafiya, kada ka yi a kan jikinka.

Durgu biyu na kan ƙwai yanzu, garken zai dawo in Allah ya so. Akurki kuwa da takalmin roba mai rufi nake shiga. Jandarma na aika wa majo shi kyauta, a ɗaure, ta hannun Illo, don ya yi farfesu. Da yamma Illo ya dawo da shi a bayan babur, da saƙo: wai a gaya wa Bagobiri an gode, amma su Zabarmawa ba su cin maciji.

Yana nan tsakar gida. Rabi ta rage masa kaifin ƙaimi da wuƙa, ya yi kwana gomansa a kwando, sun raba gidan shi da Ladan, gabas da yamma. Kullum da safe in ya yi cara, sai in yaye bargo in ƙidaya. Biyu ne. Wannan lissafin ko Rabi ba ta rage komai a ciki.